Ruwan batir, da sana'ar da ba ta da suna

Shekara tara ke nan ina cin abinci da wata sana'a da har yau ban samo mata sunan da ya zauna a bakin Bahaushe ba. In maƙwabta suka tambayi mahaifiyata me nake yi, cewa take, "Takardu yake rubuta musu a kamfanin sola." Kuma gaskiyarta. Ni ne mai rubuta ɗan littafin nan da ake cusawa cikin kwali tare da inbata, da takardar da ake mannawa a jikin batir, da bayanin da yaran da ke hawa rufi suke bi in za su kafa farantin sola. Wasu na kiran aikin rubutun fasaha, amma mu in aka ce fasaha sai hankali ya tafi wajen mawaƙa da masu ƙaga labari. Ni dai nakan ce jagora nake rubutawa, wato yadda mutum zai yi aiki da na'ura bai lalata ta ba, ita ma ba ta ji masa ciwo ba.

Hausa na karanta a jami'a. Na yi 'yan shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo nan Kano, kafin wani kamfani mai shigo da kayan sola ya ɗauke ni aikin kwantiragi, ana biya na da shafi. Ranar da na fara, babban injiniyansu ya miƙo mini wani littafi mai shafi 44, da irin Turancin da kana gani ka san daga Sinanci aka jawo shi. Ya ce, "Malam, a juya mana wannan zuwa Hausa kafin Juma'a. Ai a wurinka ba wani aiki ba ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, da zan samu in ga na'urar tukuna da na ji daɗi." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Me za ka yi da ita? Duk abin da kake nema yana cikin littafin." Mabuɗin sito na aljihunsa, ina jin ƙararsa duk sanda ya motsa. Bai ba ni ba.

Na koma teburina raina a ɓace. A ganina mutumin nan ya ɗauke ni mai buga tafireta, ya raina Hausa, ya raina shekarun da na kwashe ina karatunta. Na ƙudura a raina sai na nuna masa. Kwana huɗu na zauna na fitar da fassara mai tsabta, babu jimlar da ta yi tuntuɓe, kowace ƙugiya a mazauninta. Aka kai maɗaba'a, aka buga, aka riƙa sakawa cikin kwalaye.

Bayan kamar wata takwas, wata Talata da hantsi, wani mutum ya iso ofis daga wani ƙauye da ke kan hanyar Bichi, da batir biyu a bayan a-kori-kura. Sana'arsa cajin waya. Sa ya sayar, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi kayanmu. Batiran da ya kamata su yi masa shekaru sun daina riƙe caji, kafin isha'i wuta ta ɗauke, ga wayoyin mutane jibge a rumfa. Yaran sito suka ce lalle bai bi ƙa'ida ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fiddo littafina, ya sha naɗi har ya yi laushi. Ya buɗe shafin da ya lanƙwasa, ya ɗora yatsa a kan layi, ya karanta mana da ƙarfi: "A riƙa duba batir kowane wata. In ruwansa ya yi ƙasa, a ƙara masa ruwan batir."

Ya ce, "Abin da kuka rubuta shi na yi. Na je kasuwa na ce a ba ni ruwan batir, aka ba ni, na zuba. Sau huɗu ina yi."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi da ruwan batir. Asid ne, wanda in ya taɓa riga sai ya huda ta. Littafin Turancin kuwa tataccen ruwa yake nufi, wanda masu shago ke kira distil. Ni na ga ruwa ne da ake zubawa a batir, na rubuta ruwan batir na wuce, har ina jin daɗin na samo kalmar da kowa ya sani.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Bayan an sallami mutumin da sababbin batira, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka san bambancin asid da distil?" Na ce ban sani ba. Bai ƙara cewa komai ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tuna yatsan mutumin a kan layin da na rubuta. Ya yarda da takarda, ya bi ta sau da ƙafa, takarda ta cuce shi. Hana ni mabuɗi da Injiniya ya yi kuskure ne, har gobe haka nake gani. Amma hannuna ne ya rubuta abin da ban sani ba, kuma da na tsaya na ce ba zan rubuta ba sai na gani, da ba wanda zai ɗaure ni.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi Ƙofar Ruwa wajen wani dattijo mai gyaran batir. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni ban ɓoye komai ba. Ya yi shiru, sannan ya jawo mini benci ya ce, "Zauna, yaro. Ai matambayi ba ya ɓata." Wata biyu ina zuwa duk Asabar. Rigar aikin Baba duk huji ce ƙanana, inda asid ya fantsama. Yana da wani ma'auni na gilashi mai kama da babban sirinji da roba a kai. Ya matsa robar, ya tsoma bakin cikin ramin batir, ya saki, ruwan ya hau, wani ɗan gilashi mai lambobi ya taso yana yawo a ciki. In batir ya cika da caji, lambar kan tsaya tsakanin 1.24 da 1.28, gwargwadon irin batirin. A wurinsa na gane dalilin da ya sa ba a ƙara asid. Idan batir yana shan caji, ruwan ne kaɗai ke rabewa ya fita a matsayin iska, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Ka ƙara asid a kan asid, sai ya yi kauri ya riƙa cin farantan dalma da ke ciki. Ruwan rijiya da na famfo su ma ba su yi, saboda gishirin ƙasa da ke cikinsu.

Wata rana ya nuna mini wani batir da murfinsa ya tarwatse. Ya ce mai shi da dare ya so duba ruwa, babu wuta, ya kyasta ashana ya leƙa. Iskar nan da ke fita lokacin caji mai kamawa da wuta ce. Littafin Turanci ya ambaci a nisanta batir da harshen wuta, ni ma haka na fassara, kuma ba wanda zai karanta wannan ya tuna da ashanar aljihunsa. Wanda ya rubuta na asali bai taɓa zama a ɗakin da babu wuta yana neman ganin cikin rami ba.

Da na sake rubuta shafin, ga yadda ya fito: "Idan ruwan ya yi ƙasa, ka je shago ka ce: distil nake so, ba asid ba. Shi kaɗai za ka zuba. Kada ka zuba asid. Kada ka zuba ruwan rijiya, ko na famfo, ko na leda. Kada ka kyasta ashana don leƙa cikin batir, yi amfani da tocila." Ba jimlar da za a yaba wa a ajin adabi ba ce. Kalmar kada ta fito sau uku a jere, da can da na soke biyu don daɗin karatu. Yanzu na bar su.

Darasi na biyu wani yaro ne ɗan koyo ya ba ni, bai ma san ya ba ni ba. A lokacin na riga na sami izinin shiga sito. Na ajiye masa faranti ɗaya, da batir, da kwantirola (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faranti), da sukurdireba, na ba shi takardata na ce ya haɗa, ni kuma na zauna gefe na kama bakina. Kama bakin nan shi ne mafi wuya a aikin, don kana ganin mutum zai ɓata, bakinka na ƙaiƙayi, amma ranar da takarda za ta isa ƙauye ai ba ka wurin. Yaron yana bin layi da yatsa. Ya zo inda na rubuta, "Haɗa wayoyin faranti da kwantirola bayan ka riga ka haɗa batir." Yana karanta rabin farko sai ya ajiye takardar ya ɗauki wayar faranti. Rabin ƙarshe bai kai gare shi ba. Kwantirola da yawa daga batir suke gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24, kuma in wutar faranti ta riga shiga babu batir, wata ta rikice, wata ta ƙone. Jimlata daidai take a nahawu, ma'anarta ma daidai, amma ta ambaci abu na biyu kafin na farko, hannun mai aiki kuwa abin da ido ya fara gani shi yake bi. Tun daga ranar, jerin kalmomina yana bin jerin aikin hannu: na ɗaya, haɗa batir. Na biyu, duba ko fitilar kwantirola ta kama. Na uku, haɗa faranti. Gargaɗi kuma sama da matakin yake zama, don wanda aka rubuta a ƙasa sai bayan ɓarna ake karanta shi.

Daga baya na gano masu jiragen sama sun daɗe da isa wannan wuri. Tun 1986 ƙungiyar masu ƙera jiragen sama ta Turai ta fitar da wani tsarin sauƙaƙan Turanci don littattafan gyaran jirgi, wanda yanzu ake kira ASD-STE100. Dalilinsu shi ne yawancin makanikan jirgi a duniya Turanci ba harshensu ba ne. Kalmomin da aka amince da su ba su wuce wajen 900 ba, ban da sunayen kayan aiki. Kowace kalma ma'ana ɗaya. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, kuma umarni ɗaya a jimla ɗaya. Da na karanta wannan sai na buɗe wani littafin rubutu na fara jera nawa kalmomin. In na ce ɗaure a shafi na biyu, ba zan ce matse a shafi na biyar ba in abu ɗaya nake nufi. A makaranta an koya mana maimaita kalma talauci ne na harshe. A wannan sana'a, in ka sauya kalma mai karatu zai ɗauka ka sauya abu.

Wannan gyara ya jawo mini rigima da akanta. Littafin nan mai shafi 44 ya koma shafi 8 da takarda ɗaya ta mannawa a bango, domin na fitar da duk abin da mai shago a ƙauye ba ya buƙata na mayar da shi littafin masu kafawa. Mako biyar aikin ya ci mini, na farko kuwa kwana huɗu. Akanta ya ƙirga shafi ya ce ai aikin ya ragu, kuɗi ma sai ya ragu. Wannan lissafi shi ne babban abin da ke kashe sana'ar nan a wurinmu. Wanda ake biya da shafi ko da kalma, me zai sa ya ɓata Asabar ɗinsa a Ƙofar Ruwa? Me zai sa ya rage rubutu? Ranar Injiniya ne ya shiga maganar, ya ce wa manaja a lissafa kuɗin batir biyu da aka mayar wa mutumin Bichi a kwatanta. Ba a daɗe ba aka mayar da ni ɗan albashi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar aikin kamar baƙo, alhali yana da tarihi a ƙasar nan. Hukumar Fassara ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Mu da muka karanta Hausa littattafan hira muka fi tunawa daga wancan zamani, amma a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai kan tsabta, da kiwon lafiya, da noma, da sana'o'i, don manyan da suka koyi karatu da girma. Wani ne ya zauna ya yi tunanin yadda za a gaya wa manomi abu ya gane a karatu ɗaya. Har yau cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana fitar da takardun wayar da kan manoma.

Akwai misalai biyu da nakan tuna duk sanda gwiwata ta yi sanyi. Na farko ruwan gishiri da sukari. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985, aka yi ta koya wa iyaye mata haɗin nan don yaro mai gudawa. Da an ce musu mililita 600, da magana ta mutu a asibiti. Sai aka ce cikin kwalbar lemo biyu na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, cokali goma na sukari ko ƙwaya biyar ta mai iyali. Aka kuma nanata cewa cokalin a shafe ne, ba da tozo ba, don gishiri in ya yi yawa yaro yake cutarwa. Kalmar nan guda, a shafe, rai ne a cikinta. Na biyu a Nijar ne, inda masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka nuna cewa ɗan taki kaɗan, kamar giram 6 a kowane rami lokacin shuka, yana ɗaga amfanin gero. Manomi ba shi da sikelin giram. Sai aka ce masa cikin murfin kwalbar lemo. Ban san wanda ya fara kawo maganar murfin kwalba ba, amma na san aikina yake yi, kuma sai da ya san takin ya kuma san aljihun manomi kafin ya iya.

Ba zan ɗora laifi duka a kan injiniyoyi da akantoci ba. A cikinmu akwai masu zubar wa sana'ar mutunci. Na ga takardar magani da aka fassara da na'ura aka manna ba a duba ba. Na ga wanda ya karɓi aikin bayanin maganin feshi bai taɓa ganin yadda ake goya famfon feshi ba, ya rubuta abin da ya ga dama, aka biya shi. Sannan ga maganar ƙugiya, da wasu ke gani kamar tsirfar malaman Hausa ce. A labari, in ƙugiya ta faɗi mai karatu zai gane daga zancen. A takardar aiki kuwa, ƙara waya daban, kara waya daban: na farko ka sa wata, na biyu ka jingina ta a jikin wani abu, a wajen wuta kuwa jinginawar nan tartsatsi ce. Kulle daban, ƙulle daban. Sau ɗaya maɗaba'a ta dawo mana da aiki duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna saboda kwamfutarsu ba ta da haruffan, mai maɗaba'ar ya ce a bari ya maye su da k da d da b a wuce wurin. Na ƙi. Aka yi jinkirin kwana uku, aka ji haushina, na kuma tsaya a kan bakana. Yanzu ba a buga komai sai na ga kwafin gwaji na sa hannu.

Ranar da na tabbata wani abu ya sauya tsakanina da Injiniya, a kan maganar kudu ce. Mu da ke arewa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12, faranti kudu yake fuskanta da ɗan karkata kaɗan. Littafi ya ce a yi amfani da kamfas. Yaran da ke hawa rufi a ƙauye ba su da kamfas, amma babu wanda bai san alƙibla ba. Na rubuta, "Tsaya kamar za ka yi salla. Hannunka na dama shi ne kudu." Injiniya ya karanta ya girgiza kai, ya ce alƙibla daga Kano ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, saboda haka hannun dama ba zai faɗa kudu daidai ba. Gaskiya ya faɗa. Da can da a nan zai soke layin da jan biro magana ta ƙare. Ranar sai ya jawo kujera ya buɗe kwamfutarsa ya ce bari mu gani. Ya yi lissafinsa, ya ce tun da farantin kusan a kwance yake, asarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ta fi a bar yaro ya yi kirdado ya juya shi arewa. Ya ce, "Bar shi haka, Malam. Naka ya fi." Shi ya kawo lissafi, ni na kawo sanin wanda zai karanta, ba wanda ya isa ya yi aikin shi kaɗai.

Har yanzu akwai abin da nake faɗa a kai, wato lokacin da ake kiran marubuci. Yawanci sai an gama komai, kaya sun iso, ana shirin rabawa, sannan a tuna da takarda. Abin da zai shiga littafi da abin da za a bari a waje kuwa tun a teburin farko ake yanke shi. Duk wanda ya bi labarin jirgin Boeing 737 MAX ya san nauyin wannan. An sa wa jirgin wani tsari mai suna MCAS da ke tura hancinsa ƙasa da kansa, yana dogara da ma'auni guda ɗaya, kuma ba a yi bayaninsa a littafin matuƙa ba. Ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Jakarta, mutum 189 suka rasu, matuƙan na kokawa da abin da ba a gaya musu yana cikin jirginsu ba. Ranar 10 ga Maris 2019 na Habasha ya faɗi bayan tashi daga Addis Ababa da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi, ɗan Najeriya. Ƙirar tsarin ita ce tushen matsalar, ba littafi kaɗai ba. Amma ni da nake wannan aiki, abin da ya tsaya mini a rai shi ne an zauna an yanke cewa mai riƙe da sitiyari ba ya buƙatar sani. Inbata ba jirgi ba ce, amma irin wannan hukunci ana yanke shi a ƙananan ofisoshi kullum: kada a rubuta cewa firiza da dutsen guga sun fi ƙarfin wannan na'ura, kada mai saye ya fasa. Sau biyu ana ce mini in cire irin wannan layi. Sau biyun na ce in za a cire, a cire sunana daga takardar amincewa, kuma a rubuta wanda ya ba da umarni. Ba a cire ba.

Akwai kuma amfanin da kamfani ke samu in an kira marubuci da wuri, wanda ba a cika lura da shi ba. In na zauna ina neman bayyana abu, na ga ya ci layi goma har yanzu bai fito ba, sau da yawa ba Hausata ce ta gaza ba, na'urar ce aka ƙera ta a murɗe. Akwai wata kwantirola da ramukan wayarta shida ne a jere, duk kamarsu ɗaya, da 'yan zane ƙanana da ba a gani sai an kusanto da ido. Na yi ta fama da "rami na uku daga hagu in kana fuskantar ta" har na gaji, na kai wa Injiniya na ce wannan ba ta rubutuwa. Ya juya ta a hannu, ya aika wa masu ƙerawa, zubi na gaba ya zo da manyan lambobi 1, 2, 3 a ƙarƙashin ramukan, ja da baƙi. Layi goma suka koma uku.

Yawancin masu sayen kayanmu ma yanzu ta WhatsApp suke son bayani, don haka duk shafin da na rubuta sai na karanta shi da murya a naɗa, mai jin karatu da wanda ba ya ji kowa ya samu. A nan shekarun rediyo suka yi mini rana. Jimlar da numfashi bai kai ƙarshenta ba, na san ta yi tsawo.

Makon jiya samfurin batiran litiyam ya iso. Tun kwalin bai buɗe ba Injiniya ya leƙo ya ce, "Malam, taso mu gani tare." Wannan wani karatu ne sabo: a rufe yake ruf, yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki mai kashe shi in caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa, ba a haɗa shi da tsohon batir mai ruwa, kuma sai an sauya saitin inbata kafin a jona shi. Kwana uku ina sito da mita da sufana ina kunnawa ina kashewa. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da na shafe shekaru ina koya wa duba ruwa kowane wata. Na san wani zai nemi ramin zubawa, in bai gani ba ya ɗauko sukurdireba. Layin farko da na rubuta shi ne, "Wannan batir ba a zuba masa ruwa. Kada ka buɗe shi." Ban gamsu da na biyun ba tukuna, don buɗe na iya zama buɗe kwali. Asabar zan ɗauki guda ɗaya a bayan babur in kai Ƙofar Ruwa, in ba yaron Baba takardar ya karanta masa, in zauna a benci in ga inda hannunsa zai fara zuwa.